Yadda ake shiga jirgin ƙasa, metro da taram a Turai ba ka ɓata ba, ba a ci ka tara ba

Ɗan yayata ya samu burs zai tafi karatu Faransa, garin Strasbourg, shi ne daren jiya muna fada nan Zengu ana zuba shayi na biyu ya ce min Kawu wallahi ni ba jirgin sama ne ke ba ni tsoro ba, jirgin ƙasa ne, don tunda aka haife ni ban taɓa ganin shi ido da ido ba sai a waya. Kuma gaskiyar shi ne, mu nan Damagaram ina muka ga dogo, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso wajen kilomita 140 tsakanin 2014 da 2016 ma yana nan kwance ba ya ɗaukar kowa, sai dai wanda ya taɓa zuwa Kano ya ga nasu. To na yi mishi bayani har shayi na uku ya huce, kuma na ga gara in rubuta don ba shi kaɗai ba ne, kowace shekara akwai 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da ke tafiya, kuma duk tambayar ɗaya ce.

Abin da nake so ka fara sa wa ranka, Turai ba ƙasa ɗaya ba ce kuma jiragen su ba tsari ɗaya ba ne. Abin da ka koya a Paris in ka kai shi Berlin zai iya jawo maka tara, abin da ka saba a Berlin in ka kai Landan ƙofa ba za ta ma buɗe maka ba. Kowane gari sai ka tsaya minti biyar ka kalli yadda mutanen wurin ke yi kafin ka sa ƙafa.

Mu fara da tikiti tunda nan ne kuɗi ke ƙonewa. A Paris da Landan akwai shinge a bakin metro, wato jirgin cikin gari da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai ka ɗora katinka a kan na'ura sannan ƙofar ta buɗe, wannan mai sauƙi ne don in ba ka biya ba ba ka wucewa. Amma ka riƙe tikitin har ka fito waje, kar ka yar, musamman a RER wato jiragen da ke fita bayan gari na Paris don can wajen fita ma sai ka sake nuna wa na'ura. A Landan katin da ka shiga da shi da shi za ka fita, in ka shiga da katin banki ka fita da waya na'urar za ta ɗauka mutum biyu ne ta cire maka kuɗi mafi tsada. Holan ma haka, ana taɓawa wajen shiga a taɓa wajen fita.

Jamus kuwa da Ostiriya nan ne tarkon yake ga baƙo. Za ka sauka ƙarƙashin ƙasa a Berlin ko Vienna ka ga babu shinge babu mai gadi babu kowa, jirgi ya zo ka shiga abinka, sai ka ce a ranka ashe kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Ka sayi tikiti a na'ura sannan ka nemi wani ɗan akwati a bakin dandamali, a Berlin ja ne ko rawaya, ka cusa tikitin ya buga mishi kwanan wata da lokaci, in ba ka buga ba daidai kake da wanda bai saya ba. Masu bincike ba sa sa kaki sau da yawa, kayan gida suke sawa kamar kowa, sai ƙofa ta rufe jirgi ya tashi sannan su ciro katin aikin su, kuma tarar a Jamus yuro 60 ce, in ka lissafa kowane yuro a sefa 655 ya haura jaka 39 na sefa, kuɗin buhun gero da canji a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma ba a roƙo, ba a cewa ni baƙo ne, ba a "a yi haƙuri ranka ya daɗe", na ga wata baiwar Allah da yara biyu tana kuka ana rubuta mata takarda kuma abin ya tsaya min a rai har yau don tikitin na hannunta, bugawa ce kawai ba ta yi ba, ba wanda ya gaya mata. Italiya ma tikitin takarda na ƙananan jiragen jiha sai an buga kafin a shiga. A Strasbourg inda yaron nan zai je na'urar tana kan dandamali a waje, ka buga kafin taram, wato jirgin da ke bi ta titunan gari, ya iso, wasu garuruwan Faransa kuma a ciki take, shi ya sa na ce ka duba.

Wani wuri da in ka ga ba shinge to da gaske kyauta ne shi ne ƙasar Luksambur, tun watan Maris na 2020 bas da taram da jirgin ƙasa duk kyauta ga kowa har baƙo, sai dai in kana son zama a aji na ɗaya. Tallinn ta ƙasar Estoniya da Montpellier ta Faransa su ma suna da kyauta amma ga mazauna garin kaɗai masu kati, kai baƙo sai ka biya.

Sai karanta hanya. A metro ba a cewa ina zuwa gabas ko yamma, kowane layi yana da lamba ko launi kuma alkiblar ana gane ta da sunan tashar ƙarshe. Kamar a ce motar da ta tashi Damagaram an rubuta mata Yamai, kai Tasawa za ka sauka amma Yamai ɗin za ka nema a allo. To ka duba taswira, ka ga tashar ka tana ɓangaren wane ƙarshe, ka bi wannan sunan. A Faransa "Sortie" mafita ce, "Correspondance" canjin layi, wannan mu da muka yi lakwal ba matsala, a Jamus mafita "Ausgang" ce. Kuma ka sani Paris ba tasha ɗaya gare ta ba, manyan tashoshin ta sun kai shida ko bakwai kowace da yankin da take kaiwa, mai zuwa Strasbourg Gare de l'Est, mai zuwa Marseille ko Lyon Gare de Lyon, mai zuwa Lille ko Beljiyam ko Landan Gare du Nord, mai zuwa Bordeaux Montparnasse, in tikitin ka ya nuna canji a Paris to wataƙila sai ka ja balis ɗinka ka ratsa gari a metro, ka ba kanka awa ɗaya ko fiye.

Ƙofa. Wannan ƙaramin abu ne amma ya wuce da mutane da yawa tashar su. Ba kowane jirgi ke buɗe ƙofa da kanshi ba, a taram da yawancin jiragen ƙasa sai ka danna maɓallin da ke jikin ƙofar in ya kawo wuta, don kar sanyi ya riƙa shiga a banza lokacin hunturu. Tsofaffin jiragen metro na Paris kuma wani ɗan mariƙin ƙarfe ne za ka ɗaga sama ƙofar ta zame. A wasu ƙauyukan Suwizalan jirgi ba ya tsayawa sai an danna maɓallin neman tsayawa, a ciki ko a tashar, a wasu ƙananan tashoshin Wales da Sikotilan ma hannu ake ɗaga wa direban jirgin ƙasa kamar yadda kake tsaida kabu-kabu a gaban Kasuwar Dole. A matakalar da ke tafiya da kanta kuwa ka tsaya a dama ka bar hagu ga masu sauri, a Landan ba sa wasa da wannan.

Wani abin mamaki, layi na 1 da na 4 da na 14 na Paris babu direba kwata-kwata, kwamfuta ke tuƙa su, haka metro na Lille tun 1983 da na Copenhagen wanda ke aiki dare da rana, ka je can gaba ka zauna inda direba ya kamata ya zauna ka kalli rami yana tahowa, yara ma rige-rigen wurin suke. Kuma layukan 1, 4, 6, 11 da 14 a kan tayoyin roba suke gudu kamar mota, za ka ji ƙarar su daban har da ɗan warin roba in ya taka birki. In jirgi na wucewa ka hango wata tasha cikin duhu ba kowa kar gabanka ya faɗi, akwai tashoshin da aka rufe tun yaƙin duniya a 1939 kamar Croix-Rouge da Arsenal, ba a sake buɗe su ga fasinja ba har yau.

Yanzu maganar hagu da dama, wannan ita ta fi ba ni sha'awa don tarihi ne kwance a kan ƙarfe. A Faransa mota dama take bi amma jirgin ƙasa hagu yake bi irin na Ingila, don daga can aka koyo aikin dogo. Metro na Paris dama, RER da ke ƙarƙashin garin ɗaya hagu. Sai kuma yankin Alsace da Moselle, inda Strasbourg take, can jiragen dama suke bi saboda daga 1871 zuwa 1918 yankin a hannun Jamus yake kuma Jamusawa suka faɗaɗa mishi dogo a tsarin su, da ya dawo Faransa aka bar shi haka. To a tsohuwar iyakar sai aka yi gada inda layi ɗaya ke haurawa ta saman ɗayan su yi musayar hannu jirgi bai ko rage gudu sosai ba, Faransawa na kiran ta saut-de-mouton, tsallen tunkiya ke nan. Na ce wa yaron in ya taso daga Paris ya zauna gefen taga ya lura. Metro na Madrid shi ma hagu yake bi don lokacin da aka buɗe shi a 1919 motocin garin hagu suke bi. Amfanin sanin wannan, kar ka yi lissafin dandamali da hankalin hanyar mota, allo za ka karanta.

Ga abin da ya same ni ni kaina kuma shi na fi ja wa kowa kunne a kai: jirgi ɗaya yana iya rabuwa biyu a hanya. Ina cikin wani jirgi a Jamus da sanyi, na samu kujera a taragon baya na zauna, aka yi sanarwa da Jamusanci ban ji komai ba, muka tsaya wata tasha aka ɗan jima. Wata tsohuwa da ke gabana da ƙaramin kwando a cinya ta miƙo hannu ta karɓi tikitina ta sa tabarau ta duba, sai ta miƙe tsaye tana nuna min gaba da yatsa tana maimaita sunan garin da zan je, ta kama hannun rigata har bakin ƙofa. Na sauko na ga ma'aikaci tsaye daidai mahaɗar taragai, na ruga da balis na shiga na gaba, ƙofa na rufewa rabin da na baro ya tsaya nan zai kama wata hanya daban. Allah ya saka wa matar nan, ko sunanta ban sani ba. Don haka ka duba lambar tarago da ke kan tikitin ka, ka duba allon da ke jikin taragon wane gari ya rubuta. TGV, jirgin Faransa mai gudun tsiya, sau da yawa jirgi biyu ne aka ƙulla kuma ba hanyar wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki, in ka shiga wanda ba naka ba sai tasha ta gaba, kuma ana hana shiga minti 2 kafin tashi, ba a jiran kowa ba kamar tashar mota da ake jira ta cika ba. Gudun shi da fasinja yana kai kilomita 320 a awa, Paris zuwa Marseille wajen kilomita 750 awa uku da 'yan mintoci, mu kuma Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 mu tashi da asuba mu isa da dare. A gwaji ma ranar 3 ga Afrilu 2007 ya kai 574.8.

Kaya kuma ka rubuta sunan ka a jikin kowace jaka, a jiragen Faransa doka ce, kuma kar ka ajiye jaka ka ce bari in je in dawo, jakar da ba mai ita tana iya tsaida layi gaba ɗaya a kira 'yan sanda. Kilishi dai ka cinye shi a nan, ba a yarda matafiyi ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje ba. Alwala ka yi ta kafin ka fito don ban ɗakin jirgi ƙarami ne kuma na manyan tashoshi yawanci na kuɗi ne, lokacin hunturu azahar da la'asar da magariba kusa-kusa suke zuwa, maganar kasaru da haɗa salla ka tambayi malamin ka tun kana gida.

Iyaka. Faɗin dogo ba ɗaya ba ne, yawancin Turai milimita 1435 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, Sifen da Fotugal 1668, Ayalan 1600, Rasha da ƙasashen tsohuwar Sobiyet 1520, Finlan 1524, tsohon dogon Kano kuwa 1067 ne in ka taɓa gani. Shi ya sa a iyakar Faransa da Sifen, Hendaye ko Portbou, tun da can ake sauka a canza jirgi. Sifaniyawa sai suka ƙera jirgin Talgo wanda ke ratsa wata rumfa a hankali ƙafafun shi su matse ko su buɗe da fasinja a ciki, sannan layukan su masu gudu tun na Madrid zuwa Seville a 1992 suka yi su da faɗin sauran Turai. A Brest kan iyakar Folan da Belarus kuma, a da lokacin da jiragen fasinja ke ƙetare iyakar, ɗaga taragon ake yi sama ɗungurungum a cire ƙafafun a sa wasu.

Ramin da ke ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila an buɗe shi 1994, kilomita 50 ne kusan 38 a ƙarƙashin ruwa, Paris zuwa Landan awa biyu da kwata ko da 'yan mintoci. Amma don Allah kar ka sayi tikitin nan da bizar Shengen, wato bizar shiga Faransa da yawancin Turai, ba ta aiki a Ingila, mai fasfon Nijar sai da bizar Birtaniya daban, kuma tun a Gare du Nord ake duba takardu kafin ka ga ko taragon, kuɗin ka ne zai tafi.

Taram shi kuma haɗarin shi shirun shi. Ba ya ƙara, wani wurin a kan ciyawa kore yake tafiya ka ɗauka lambu ne, kuma ba ya iya kauce maka ko tsayawa nan take, ka cire abin kunne ka duba hagu da dama kafin ka tsallaka. A tsakiyar Bordeaux tun 2003 babu wayar wuta a sama, ƙarfe na uku ne a ƙasa tsakanin layin, kuma ba ya ɗaukar wuta sai daidai gaɓar da taram ɗin ya rufe da cikin shi, mutum na takawa lafiya lau.

In ka samu hutu da ɗan canji, ga waɗanda ni na ga sun cancanci tafiya. Na farko Wuppertal a Jamus, jirgin da ke rataye, dogon yana sama taragon na lilo a ƙarƙashin shi kimanin mita 12 saman kogin Wupper, tun 1901 yake aiki, kilomita 13.3 tashoshi 20, kuma ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne, shi mutanen garin ke shiga zuwa aiki da tikitin gari na kullum, rabin awa daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya sha kwana za ka ji ya karkata, ka riƙe ƙarfe wajen sauka don yana ɗan motsi. A 1950 masu wasan dabbobi suka sa 'yar giwa mai suna Tuffi a ciki don talla, ta firgita ta fasa jikin taragon ta faɗa kogi kuma ta rayu. A Beljiyam akwai taram na bakin teku kilomita 67 daga De Panne zuwa Knokke, sama da awa biyu, wani wurin kana kallon ruwa. A Budapest, garin da ke da metro tun 1896 shekara huɗu kafin Paris, akwai jirgin ƙasa na kilomita 11 a kan tsauni da yara 'yan shekara 10 zuwa 14 ke gudanarwa tun 1948, su ke saida tikiti su ke duba shi su ke ba da hannu, direba ne kaɗai babba, kuma in ka ga natsuwar su sai ka yi tunanin namu yaran da abin da za su iya in an ba su amana. Mai zuwa tsibirin Sisili a Italiya kuma, in jirgin da ya shiga har can zai kai, kar ya sauka a Villa San Giovanni, jirgin ƙasan ne ake rarrabawa a tura shi cikin jirgin ruwa a ƙetare da shi Messina, kana iya fitowa ka hau sama ka sha iska ka dawo taragon ka, ka dai riƙe lambar shi. Na kan duwatsun Suwizalan irin Jungfraujoch mai tsawon mita 3,454 suna da kyau amma tsadar su ba ta ɗan makaranta ba ce, ramin Gotthard mai kilomita 57 kuma duhu ne kawai na minti ashirin.

Wanda ya fi tsaya min a rai ƙarami ne, a garin Fribourg na Suwizalan. Taragai biyu ne ɗaure da igiyar ƙarfe ɗaya a jikin gangare, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, tun 1899, ba inji ba mai ba wutar lantarki. Ruwan dattin unguwar sama ake cika wa tankin taragon da ke sama, ya yi nauyi ya gangaro ya jawo ɗan'uwan shi, in ya iso ƙasa ya zubar a magudana. Akwai ɗan wari ba zan ɓoye maka ba. Na tsaya ina kallon ruwan na zuba ina tuna 'yan ga-ruwa da jarkoki a kura suna hawa duwatsun Birni cikin zafin watan Afrilu, ruwan da aka riga aka yi wanka da wanki da shi ne ke ɗaukar mutane sama da shekara ɗari da ashirin.

Shi dai yaron na ce mishi Asabar ɗin shi ta farko ya buga tikiti a dandamali ya shiga taram layin D, tun 2017 yana ƙetare kogin Rhin ya shiga garin Kehl na Jamus da tikitin Strasbourg ɗin nan dai, ya sa fasfo da takardar zama a aljihu don ana iya tambaya a gadar, in ya kai tsakiyar ruwa ya ɗauki hoto ya turo wa mahaifiyar shi. Ya ce to Kawu, ya rubuta layin D a bayan hannun shi da biro.